Ga ƙanwata da zuciyarta ke zafi a Azumi, ta huce bayan Ista

Ƙanwata, sannu. Tun jiya na ga tambayarki a dandalin nan na kasa wucewa, don ciwona kika taɓa. Kin ce duk shekara idan Azumin kafin Ista ya kama, ko makonnin Adbent na shirin Kirsimeti, karatun Mas yakan shige ki har ki yi kuka, ki ji ba abin da kike so a duniya irin zama Sista. Da an wuce Ista kuma sai abin ya yi sanyi, ki koma shago kamar ba ke ba. Ga Mama ke kaɗai take kallo, ga ƙanne a makaranta. Kika ce a faɗa miki, kira ne ko zafin lokaci ne kawai.

Ni ma a nan Kumasi nake, ɗinki nake yi a Asawase, iyayena daga wajen Navrongo suka gangaro. Na bi hanyar da kike leƙe, har na shiga gidan Sistoci na fito. Ki yi haƙuri idan na yi tsawo, abin ya daɗe a raina.

Kada ki yanke hukunci da Azumi kaɗai. Azumi kowa yake tausasawa. An shafa miki toka ranar Laraba, Fada ya sa shunayya, an ɗauke Halleluya, kowace Juma'a ana Hanyar Gicciye, wa zai ƙi jin wani abu? Mutumin da bai taka coci ba tun Kirsimeti ma yakan share hawaye ranar Juma'ar Gicciye. Ban ce kukanki ƙarya ba ne, Allah ya kiyaye. Amma mu masu ɗinki mun san atamfa ba a shaidarta a kan tebur a Kejetia, sai ta sha wanki tukuna a ga ko tana zuba. Wankin naki shi ne makonnin koriyar riga, wato lokacin da ba Adbent, ba Kirsimeti, ba Azumi, ba Ista, Fada yana sa kore, 33 ko 34 a shekara, sun fi rabin shekarar ikilisiya. Rayuwar Sista kuwa kusan duk koriya ce: tashin asuba, Zabura, aji ko asibiti, wanke tukwane, zama da matan da ba ke kika zaɓe su ba. Saboda haka sanyin da kike ji bayan Ista bai kamata ya tsorata ki ba. A cikinsa ne za ki duba abin da ya rage.

Wani tsohon Fada ne ya koya mini yadda ake dubawa, Allah ya ji ƙansa. Ya ce in sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Kowace Lahadi in rubuta aya ɗaya da ta kama ni, guda ɗaya tak. Ranar Laraba, ina tsakiyar aiki, in sake buɗewa in rubuta abin da ayar ta bar mini: kwanciyar rai ne, ko nauyi, ko ba komai. Ya ce in fara daga Lahadin farko ta Adbent, kada in tsaya sai Idin Kristi Sarki, Lahadin ƙarshe ta shekarar ikilisiya. Ya ba ni labarin Waliyyi Ignatius na Loyola, sojan da harsashin igwa ya karya wa ƙafa a Pamplona a 1521. Yana kwance yana jinya, in ya yi tunanin suna da ɗaukaka sai ya ji daɗi, daɗin ya wuce ya bar shi a bushe. In ya yi tunanin bin sawun waliyyai, farin cikin yakan zauna bayan tunanin ya tafi. Ignatius ne kuma ya ce lokacin duhun zuciya ba a sauya shawarar da aka yanke a lokacin haske. Ki riƙe wannan, za ki bukace shi.

Da shekara ta zagayo na karanta littafin nan nawa daga farko, sai na ga abin mamaki. Ayoyin da suka fi sa ni kuka, irin su matar nan ta Samariya a bakin rijiya da tashin Li'azaru, zuwa Laraba da yawansu sun tafi. Wadda ta ƙi tafiya a watan Janairu ta zo, bayan an kwashe kayan Kirsimeti, coci rabi babu kowa, hazo ya busar da leɓe. Shekarar karatun Bisharar Markus ce, Lahadi ta biyu ta koriyar riga. Aka karanta yaro Sama'ila yana kwance a haikali ana kiransa, sannan Bishara ta Yahaya inda almajirai biyu suka tambayi Yesu inda yake zama, ya ce musu su zo su gani. Ban yi kuka ba ranar. Amma ina taka keken ɗinki tana nan, ina cikin trotro tana nan, har damina ta faɗi tana nan.

Ki lura kuma, Sama'ila sau uku yana rugawa wurin Eli, bai gane muryar ba sai da tsoho ya gane masa. Ki nemi naki Elin, Fada ko Sista mai shekaru wadda ba ta neman jan ki zuwa ƙungiyarta. Don Allah kuma ki bar buɗe Littafi Mai Tsarki ido rufe ki dangwala yatsa, na ga wasu a nan suna ba ki wannan shawarar. Ikilisiya ta riga ta tsara karatu na shekara uku, Matiyu, Markus, Luka, ga Yahaya a Azumi da Ista. Ki bar karatun ranar ya same ki inda kike, ko ya yi miki daɗi ko bai yi ba.

To, maganar gida. Nan ne nawa ya ɓaci, kuma har yau in na tuna sai in ji ƙirjina ya yi nauyi.

Na shiga, ina matakin masu neman shiga, ana shirin kai mu nobis, wato matakin horo kafin a ɗauki alkawari. Ba zan faɗi sunan ƙungiyar ba. Ban taɓa samun natsuwa irin ta watannin nan ba. Mama ta yarda, da hawaye amma ta yarda. Wanda bai yarda ba baffana ne, ƙanin mahaifina, wanda tun rasuwar Baba bai taɓa aiko mana da ko mudun gero ba. Ashe ya riga ya yi magana da wani gida a ƙauye a kaina, har ya karɓi saniya cikin shanun aure, ban sani ba, Mama ba ta sani ba. Sai ya sa aka rubuta wa shugabar gidan takarda cewa ni matar aure ce bisa al'ada, na gudu daga mijina na ɓuya a wurinsu. Mijin da ban taɓa ganin fuskarsa ba! Wani ne ya koya masa inda zai soka, don dokar ikilisiya ba ta yarda a karɓi mai aure a nobis ba muddin auren yana nan.

Ana saura kwanaki kaɗan Lahadin Dabino aka kira ni ofis. Ina tsammanin maganar furannin bagade ce, don ni aka ba aikin. Takardar tana kan tebur a kife. Shugabar ba ta ce in zauna ba. Ba ta ce, 'yata, gaskiya ne? Wannan tambayar kaɗai nake so, har yau ita nake so. Ta ce gidan ba ya son rigimar dangi, in je in gyara tsakanina da mutanena. Na durƙusa na ce Sista a kira Mama, a kira katekis ɗinmu, a duba littafin baftisma, ko'ina babu aure a kaina. Ta ce an riga an yanke. Aka miƙo mini kuɗin mota a ambulan. 'Yan'uwana suna ɗakin sujada suna addu'ar rana, ina jin muryoyinsu ina cusa kayana a jakar leda, ba a bar ni na yi musu sallama ba. Wadda muke kwana ɗaki ɗaya sai daga baya ta ji, an ce musu wai ni na nemi tafiya. Wannan ƙaryar ta fi korar ciwo.

Da dare na sauka Kejetia, na tsaya da jaka a ka na rasa inda zan sa gaba, ni da aka haifa a garin nan. Watannin baya aka yi mini rakiya da waƙa, matan zumunta suka haɗa mini sabulu da bokiti da zannuwa. Yanzu in shiga unguwa in ce me? Kuma abin da na ji tsoro shi ya faru. Kafin Ista ta wuce an ce ciki ne, an ce sata ce. Wata da muke waƙa tare, wadda ita na fara gaya wa sirrina, ita ta fi kowa yaɗawa. Baffa kuwa ya zo har gida ya zauna a kujerar Baba yana karanta mini “ka girmama mahaifinka da mahaifiyarka”, mutumin da ya sayar da ni da saniya. Na yafe masa don an ce mu yafe, ina kuma sake yafewa duk Azumi, amma ban manta ba.

Ranar Juma'ar Gicciye ban iya zuwa cocinmu ba. Na hau Roman Hill, na shiga babban cocin Waliyyi Bitrus inda ba wanda ya san ni, na zauna can baya. Kin san kowace shekara ta Yahaya ake karantawa ranar. Aka zo inda Yesu yana kan gicciye ya dubi uwarsa ya dubi almajirin, ya danƙa ta a hannunsa, almajirin ya kai ta gidansa. Yana mutuwa amma sai da ya san inda uwarsa za ta kwana. Ƙanwata, damuwarki a kan Mama ba rashin bangaskiya ba ce, kada wani ya gaya miki haka. Ki zauna ki yi lissafi na gaske: hayar ɗaki, magani, kuɗin makarantar ƙanne, wa zai ɗauka, daga yaushe. In shekara biyu za ta sa ƙaninki ya gama koyon aiki a Suame ya tsaya da ƙafarsa, shekara biyu ba ta kashe kira. In da bashi a kanki ki biya, don shugabanni ba sa karɓar wanda bashi ya fi ƙarfinsa. Sannan ki je wa manyan gidanku da kanki tun da wuri, da katekis da wani dattijo da suke jin nauyinsa, a yi maganar a gaban shaidu, har dangin uba na ƙauye. Kada ki bar wani ya riga ki.

Kin san wa ta riƙe ni a lokacin? Hajiyar da muke haya a gidanta. Ita da ta sha ce mini mace ba aure ai ba ta cika ba, ita ce ta tsaya a bakin famfo ta ce duk wadda ta ƙara kiran sunana da ciki ta zo ta same ta. Kullum da safe sai ta aiko da koko da ƙosai, ta ce in ci, wanda ya nemi Allah ba ya taɓewa. Har gobe ina sa ta a addu'a. Ke dai ki rage masu sanin sirrinki. Mai ba ki shawara, Mama, sai mutum ɗaya in ya zama dole.

Kada labarina ya sa ki gudu. Gida ɗaya ne ya yi mini haka, mace ɗaya ce ma, kuma ƙasar nan cike take da Sistocin da suka ƙare rayuwarsu a kan marasa lafiya da 'ya'yan talakawa. Sistocin OLA (Our Lady of Apostles) tun 1883 suke nan Ghana, daga Elmina suka fara. Akwai na HDR (Handmaids of the Divine Redeemer) da Bishop Bowers ya kafa a Agomanya a 1957, akwai na SMI (Sisters of Mary Immaculate) namu na Arewa. Halinsu ba ɗaya ba, aikinsu ba ɗaya ba. Ki rubuta wa fiye da ɗaya, ki je ki kwana, ki ga yadda suke magana da mai dafa musu abinci da yadda suke kula da tsofaffinsu. Ki tambaye su kai tsaye, in ƙara ta zo a kan yarinya, ana jin ta bakinta? Lahadi ta huɗu ta Ista, ta Makiyayi Mai Kyau, ita ce ranar addu'a don kira, wadda Paparoma Paul na shida ya kafa a 1964, sau da yawa sukan zo coci su yi magana. Ki tare su a ƙofa, kada ki ji kunya. Ranar 2 ga Fabrairu ma tasu ce.

Kuma ba a kulle ƙofa ranar farko. Nobis ba ya gaza wata 12, ba ya wuce shekara biyu. Bayansa alkawarin wucin gadi ne, na tsabta da talauci da biyayya, shekara uku zuwa shida, kafin na har abada. Ikilisiya da kanta ta ba ki shekaru ki ga Azumi da koriyar riga sun zagayo sau da yawa kina ciki. Zuwa dubawa ba rantsuwa ba ce.

Ni dai ina nan ina ɗinki, ina koya wa yara katekisim ranar Asabar. An mayar da saniyar, ƙannena biyu sun kama aiki. Littafin rubutun ban daina ba, kuma ayar nan ta Janairu ba ta sake ni ba, shi ya sa na fara zuwa wurin wasu Sistocin, wannan karon da Mama a gefena da takardar dangi a hannu. In shago ya bar ki, ki je Buoho, wurin addu'ar nan na Uwa Maryamu kusa da Kumasi, ranar aiki ba ranar taro ba, ki zauna da karatun ranar ke kaɗai. In kina so mu je tare ki yi mini magana ta akwatin sirri. Ki gaya mini kuma, Mama ta san abin da ke ranki, ko mu nan kika fara faɗa wa?