Kajina sun sa ɗaya a gaba da sara

Tambaya: Kajina na gida sun sa wata sabuwa da na sayo a gaba, sun tsige mata gashin wuya har jini. Yaya zan yi? Daga wata uwargida, Funtuwa.

Amsa: Hajiya, yau ɗin nan ki cire ta. Kaza in ta ga jini ba ta daina sara, suna iya kashe ta. Ki wanke ciwon da ruwan gishiri mai ɗumi, ki shafa mata shuɗin GV na kemis, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan. In ta warke, ki kife ta da kwando a tsakiyarsu na mako guda, suna ganinta ba sa iya taɓa ta, sannan ki sake ta da daddare.

Sai ki duba abinci. Dusa zalla ba ta ƙosar da kaza, shi ke sa su cin gashin juna. Ki riƙa haɗawa da garin ƙuli-ƙuli ko gara. Ni nakan rataya damin zogale a akurki su yini suna tsattsaga. Mazubin abinci ya zama biyu, nesa da juna. Shugabar masu saran kuwa, ware ta kwana 3.