Su Wa Ke Zaune a Ɗakin da Barewa Ke Ja?

Tambaya: Malam, na ga hoton wani ɗan ɗaki ana jan sa a kan ƙanƙara, hayaƙi na fita ta samansa, an ce na mutanen Dolgan ne. Su wane ne, kuma da gaske a ciki suke kwana?

Amsa: Da gaske ne, Malama. Sunan ɗakin balok. Firam ne na katako a kan sanduna biyu masu sulɓi, a lulluɓe shi da fatun barewar ƙanƙara, a sa murhun ƙarfe da gado a ciki. Ranar tashi ba a kwance komai, sai a ɗaura wa barewa su ja gida sukutum zuwa sabuwar makiyaya. A inda sanyi ke wuce digiri 40 ƙasa da sifili, rana kuma ta yi makonni ba ta fito ba, wannan ba ƙaramar dabara ba ce. Daga Rashawa Dolgan suka karɓo balok.

Dolgan na zaune a Taimir, can ƙuryar arewacin Saiberiya ta Rasha, wajejen garuruwan Dudinka da Hatanga, wasu kuma a gundumar Anabar ta yankin Yakutiya da ke maƙwabtaka. Ƙidayar 2010 ta samu mutum 7,885.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne asalinsu, domin ba tsohuwar ƙabila ba ce. Tsakanin ƙarni na 18 da na 19 ne wasu zuriyoyin ƙabilar Ebenki suka cuɗanya da ƙabilar Yakut da Rashawa mazauna yankin, aka yi ta auratayya har aka zama abu guda. Sunan Dolgan ma na ɗaya daga zuriyoyin Ebenkin ne. Harshen kuwa ɗan'uwan na Yakut ne, dangin Turkanci, ba a kuma buga littafi da shi ba sai 1973, na mawaƙiyarsu Ogdo Aksenoba. Hawan barewa da sirdi da tatsar nononta gadon Ebenki ne. Dolgan Kiristoci ne mabiya ɗarikar Otodoks, amma ba su watsar da al'adun bokayensu na da ba.

Ban da kiwo, suna farautar barewar daji da kamun kifi. Ɗanyen kifi daskararre, a yanka shi siri-siri a dangwala gishiri, shi ne abin marmarinsu.

Yau dai yawancinsu a ƙauyuka suke zaune, yara da dama Rashanci suka fi ji. Masu yawo da balok sun fi yawa a gabas, wajen Hatanga da Anabar.