Na Yi Soja a Amurka da Girin Kad: Za a Biya Mini Kuɗin Jami'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Zangon Kumasi ne, cacar biza ce ta kawo ni Amurka. Na shiga soja a Houston, jihar Texas, na yi shekara huɗu, aka sallame ni a 2022. Har yanzu girin kad nake riƙe da shi. Ina son karanta aikin jinya, amma abokaina sun ce gwamnati ba ta biya wa tsohon soja kuɗin makaranta sai in ɗan ƙasa ne. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokanka sun yi kuskure. Dokar tallafin karatun tsofaffin sojoji, wadda ake kira Post-9/11 GI Bill, ta fara aiki ranar 1 ga Agusta, 2009, kuma babu sharaɗin zama ɗan ƙasa a cikinta. Ma'aikatar kula da tsofaffin sojoji, wato VA, abu biyu take dubawa: tsawon aikin da ka yi bayan 10 ga Satumba, 2001, da irin sallamar da aka yi maka. Wanda ya yi kwana 90 yana samun kashi 50 cikin ɗari, yana ƙaruwa har ya cika ga wanda ya kai wata 36. Kai ka wuce nan.

Cikakken kaso yana nufin za a biya kuɗin karatunka gaba ɗaya a jami'ar gwamnati, a kan farashin mazauna jihar, har tsawon wata 36 na karatu. Akwai kuɗin haya duk wata gwargwadon tsadar garin da makarantar take, da kuɗin littattafai har dala 1,000 a shekara. Jami'a mai zaman kanta kuwa akwai iyakar abin da ake biya. Tunda bayan 1 ga Janairu, 2013 aka sallame ka, haƙƙinka ba ya lalacewa don ka yi jinkiri. Dokar 2017 ta cire wa'adin shekara 15 da ake da shi a da.

Inda mutane suke faɗuwa shi ne takardar sallama. Ɗauko DD 214 ɗinka, ka duba akwati na 24, inda aka rubuta yanayin aikinka. In ka ga "Honorable", ƙofa a buɗe take. In kuwa "General" aka rubuta, ko da an bi shi da cewa cikin mutunci ne, wannan tallafin ba ya hawa kansa, ko kai haifaffen Amurka ne. Mai irin wannan sallama yana iya neman hukumar sake duba sallama ta gyara masa, da fom DD 293, cikin shekara 15. In takardarka lafiya take, cika fom 22-1990 a shafin VA na intanet, su aiko maka da shaidar cancanta, ka kai ta ofishin tsofaffin sojoji na makarantar.

Maganar abokanka ba daga iska ta faɗo ba, kuma a jiharka aka yi abin. Texas tana da dokarta, Hazlewood, wadda take yafe wa tsofaffin sojojinta kuɗin darussa har awa 150 na kiredit, wato ma'aunin yawan darussa, a makarantun gwamnatin jihar, alhali digirin farko yawanci awa 120 ne. Akwai lokacin da babban lauyan jihar, Greg Abbott, wanda daga baya ya zama gwamna, ya fassara dokar da cewa sai wanda yake ɗan ƙasa ranar da ya shiga soja. Aka riƙa hana wannan rangwame ga mutanen da suka sa kaki da girin kad, har da waɗanda suka zama 'yan ƙasa daga baya. Wannan zalunci ne a fili: an karɓi rantsuwar mutum, an ba shi bindiga, sai a bakin aji a tuna cewa baƙo ne. Ƙungiyar lauyoyi ta MALDEF ta kai ƙara a 2007, Abbott ya janye fassarar a farkon 2008. Tunda a Texas ka shiga soja, kuma ka haura kwana 180 a bakin aiki, Hazlewood za ta yi maka amfani bayan na tarayya ya ƙare, musamman in kana son ƙarin digiri.

Abu ɗaya ya dame ni a wasiƙarka, wato har yau ba ka nemi zama ɗan ƙasa ba. Sa kaki ba ya ba mutum fasfo kai tsaye, kuma an sha mayar da tsofaffin sojoji masu girin kad ƙasashensu bayan kotu ta same su da laifi. Wanda ya yi aiki cikin mutunci daga 11 ga Satumba, 2001 zuwa yanzu yana da hanya ta musamman a sashe na 329 na dokar shige da fice: fom N-400, ba a biyan ko sisi. Kada ka jira sai ka gama makaranta. Sai dai in 'yan sanda sun taɓa kama ka, komai ƙanƙantar laifin, ka ga lauyan shige da fice kafin ka tura takardar.