Kafin ki ƙwace wayar, ki fara tambayarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce kin leƙa wayar ƙanwarki mai shekara 15 kin tarar da labaran zane na Koriya cike da jini da ɗaure mutane, kina tambaya ko ki ƙwace wayar. Na kai shekara shida ina karanta irinsu, bari in gaya miki abin da na gani.

Manhwa ake ce musu. A waya ake karanta yawancinsu, ana jan shafi da yatsa, shi ya sa masu zanen kan bar dogon baƙin fili babu komai, kina ja gabanki na faɗuwa, sai kwatsam fuska ta bayyana. Wannan firgici ne kawai, kwana biyu ya wuce.

Abin da ya fi damuna na gan shi ne a kan wani manhwa mai suna Killing Stalking, wanda ya fara fita a manhajar Lezhin a 2016. Wani matashi ne ya shiga gidan wanda yake bibiya a ɓoye, ashe mai gidan makashi ne, ya karya masa ƙafafu ya tsare shi. Ni kaina na kai wani babi sai da na ajiye shi sati biyu. Masu karatu suka rabu. Wasu suka ce labarin ya nuna yadda wanda ake zalunta ke manne wa azzaluminsa don tsoro da rashin gata, kuma ina tare da su. Wasu kuwa, da yake an zana makashin kyakkyawa, sai suka koma ba shi uzuri: wai ƙuruciyarsa ce ta lalata shi, wai so ne. Na yi musu da yara mata da dama a kan haka, wallahi raina ya ɓaci, domin wadda ta saba kiran duka da sunan so a labari, gobe tana iya haƙura da shi a ɗakinta.

A Koriya irin wannan na 'yan shekara 19 zuwa sama ne, sai an tantance shekaru. Amma shafukan intanet masu satar irin waɗannan labarai da yaranmu ke shiga ba ruwansu da shekarun kowa.

Don haka ki zauna da ita cikin lalama, ki ce ta ba ki labarin, ki tambaye ta wa ya fi burge ta a ciki, kuma me ya sa. Idan tausayin wanda aka tsare take ji, da sauƙi, ki taya ta zaɓen na sa'anninta. Idan makashin take karewa, ki sa Mama a maganar tun yau.