Kwana biyu a Akra da ƙawaye: tikiti tukuna, ɗaki daga baya

Saƙonnin wannan makon yawancinsu daga Kumasi suka fito, kuma bakinsu ɗaya: ana son zuwa Akra hutun ƙarshen mako, Ankara ke nan a bakin kakanninmu. Ban san wanda ya kunna wa 'yan Aboabo da Asawase wannan wutar ba. Amma tunda ni ma can aka binne cibiyata kafin neman abinci ya dasa ni a Mamobi, ga abin da ya sawwaƙa.

Tambaya: Assalamu alaikum Kawu. Mu huɗu ne, ƙawaye tun makarantar allo, duk muna sana'a a kasuwar Kejetia. Mun yi adashi na wata shida don mu je Akra daga Juma'a zuwa Lahadi, mu kalli wasan kwaikwayo, mu ci daɗi, mu ga gari. Biyu sun ce jirgi, biyu sun ce mota. Mun kuma ga masauki mai araha a Kasoa, har da wurin ninkaya. Me za mu zaɓa? 'Yarka daga Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya bar zumunci. Sai dai kun kama tafiyar ta wutsiya. Kafin gardamar jirgi da mota, ku sayi tikitin wasan. A duk abin da kuka lissafa, shi kaɗai ne mai rana da sa'a. Teku tana nan, mai waakye, wato shinkafa da wake, tana nan, amma labule in an ɗaga an ɗaga. In tikiti ya zo hannu, shi zai gaya muku makon da za ku taso da unguwar da za ku kwana.

Tsakanin Kumasi da Akra kimanin kilomita 250 ne, ta Ejisu, Konongo, Nkawkaw, Suhum, Nsawam. Ku ƙiyasta awa biyar zuwa shida, domin daga Nsawam zuwa cikin gari cunkoso kan cinye duk saurin da direba ya yi a baya. Jirgi kuwa minti arba'in ne ko kusa da haka a sama, amma kuɗinsa ya fi na mota nesa ba kusa ba. Ni dai ga hukuncina, kuma kowane ɓangare zai sami rabinsa: ku zo a mota, in adashin ya yi saura ku koma a jirgi ranar Lahadi da yamma. Zuwa da ƙarfinku kuke, ga hira, ga gulmar kasuwa ta wata shida, hanya ba za ta yi muku tsawo ba. Komawa ce mai wuya, ga gajiya, ga shago yana jira ranar Litinin. Motocin VIP na Asafo sai sun cika suke tashi, saboda haka da an sallame asuba ku kama hanya. Motar kamfanin STC kuma tana da lokacinta, ana iya kama kujera tun kafin ranar. Kowace kuka shiga ku riƙe mayafi mai kauri, sanyin na'urar motocin nan ba ya jin roƙo.

Kasoa kuwa, a'a. Sunan ma namu ne, kasuwa ce aka lanƙwasa, amma garin ba ya cikin yankin Akra, a yankin Tsakiya yake. Na taɓa yin wannan wayon. Abokaina uku suka zo daga Sawaba, na samo musu ɗaki a can don sauƙin kuɗi, muna da wasan ƙarfe huɗu. Ƙarfe biyu muka fito. Huɗu da kwata ta same mu a mahaɗar Mallam, tikiti huɗu suna jiƙewa da gumi a aljihun rigata. Wani yaro mai tallar ruwan leda ya wuce mu, muka matsa, ya sake wuce mu, har sau uku, a na ƙarshe ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, har yanzu kuna nan?" Mun shiga zauren mutane suna ta ƙyaƙyata dariya kan zancen da ba mu ji farkonsa ba. Abin da muka rage a ɗaki kuma kuɗin tasi ya lashe shi da riba. Araha ba ta ado.

Ku nemi masauki a Asylum Down, Kokomlemle, Kanda, Adabraka ko Osu. Daga nan babbar mahaɗar Circle kusa, Nima kusa, gidan wasan kusa. Ko ɗakin ƙarami ne ba komai, barci kawai za ku yi a ciki. Ku tambaya ko famfo yana kawo ruwa, ko akwai janareto, a kuma ɗauko muku bidiyon banɗaki ta WhatsApp, don hoton gado kowa ya iya gyara shi. Kada ku tura kuɗin duka ta MoMo, asusun kuɗi na waya, kafin idonku ya ga wurin. In damina ce, musamman watan Yuni, ku guji gidajen da ke kwari kusa da rafin Odaw.

Na san akwai gwaggo a Nima da za ta ce don me za ku biya kuɗin ɗaki tana raye. Ku ba ta haƙuri. In kuka sauka gidanta, Asabar ɗinku za ta ƙare a gaishe-gaishe da zuwa suna, kuma ba wadda za ta iya buga mata ƙofa ƙarfe goma sha ɗaya na dare. Ku je mata ranar Lahadi da tsaraba mai kyau.

Tambaya: Kawu, ni tela ne a Asawase. Ban taɓa kallon wasa a kan dandamali ba. Abokaina sun ce ɓarnar kuɗi ce tunda fim yana cikin waya. Ya cancanci kuɗinsa? Wane lokaci da wace kujera zan saya?

Amsa: Ɗana, ka je ko sau ɗaya ne. A waya kai kaɗai kake dariyarka. A can kuwa mutum sama da dubu ne za su fashe lokaci guda, ɗan wasa ya tsaya cak yana jiran ku lafa, wani lokacin shi ma dariyar ta kusa kuɓuce masa. Ba a mayar da shi baya, ba a dakatar da shi don an kira ka.

Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa, wanda za ka ce wa direba National Theatre, mutanen Sin ne suka gina shi, aka buɗe a 1992. Daga nesa kamar jirgin ruwa ya yi sansani a tsakiyar gari, babban zaurensa yana cin mutum kusan 1,500. A filin ne ɗan ƙaramin gidan wasan da Efua Sutherland ta kafa yake a da, aka rushe shi, aka sake gina irinsa a jami'ar Legon, inda ɗalibai ke yin nasu wasannin da kuɗin shiga mai sauƙi. Gidan na ƙasa yana da 'yan wasansa, Abibigromma, da ƙungiyar rawa da ta makaɗa. Amma wanda ya fi cika zaure shi ne marubucin wasa Ebo Whyte da kamfaninsa Roverman, wanda tun 2008 ya saba fitar da sabon wasa duk bayan wata uku. Akwai kuma Latif Abubakar, shi ma mai shirya wasanni ne. Ka karanta sanarwa da kyau, domin ba kowane wasa ake yi a wannan ginin ba, wasu a wani zauren ake kai su.

Harshen Turanci ne, ana barbaɗa masa Twi, yaren Asante, da Turancin buroka. Ɗan Asawase ba ya buƙatar tafinta a Twi, kana ma iya riga 'yan Akra dariya. Yawanci rikicin aure ne da na dangi, da waƙa da rawa a tsakani, kuma wasu wasannin akwai waƙoƙin coci a ciki. Na gaya maka tun yanzu don kada ka ce Kawu ya rufe ka.

Sau da yawa sau biyu ake yi a rana, ƙarfe huɗu da ƙarfe takwas. Yi lissafi da salla. Magariba a Akra ba ta nisa da ƙarfe shida duk shekara, saboda haka wasan ƙarfe huɗu, in ya ɗan makara wajen farawa, zai kai ka bakin magariba kana zaune. Na takwas ya fi mini: ka yi isha'i, ka shiga da kwanciyar hankali, ka fito ka nufi mai tsire. Kujera kuma kada ka kashe kuɗi a layin farko, wuya za ka ɗaga har a tashi. Tsakiyar zauren ƙasa ta fi. In tikitin ba shi da lambar kujera, ka isa da minti arba'in a hannu. Ka saya ta lambar da masu wasan suka sa a sanarwarsu, ba a hannun wanda zai tare ka a bakin ƙofa yana cewa ɗan'uwansa ne ya fasa zuwa ba.

Tambaya: Kawu, mu biyar za mu zo. Muna tsoron cin abin da bai halatta ba, amma kuma ba ma son mu zo Akra mu ci tuwon da muka baro a gida. Ina mafita? Ƙanenka daga Tafo.

Amsa: Ƙanena, fara da abin da ba za ku nema ba: sakwara. Wanda ya tashi a Kumasi in ya ci ta Akra, ƙorafi zai yi har Nkawkaw. Koko da ƙosai ma kuna da su a ƙofar gida.

Abin da Kumasi ba ta da shi shi ne teku. Ku nemi dokunun mutanen Ga, mai zafi, a cikin ɓawon masararsa, da soyayyen kifin da aka fito da shi daga ruwa a ranar, da ɗanyen barkono niƙaƙƙe da albasa, da shito, baƙin yajin nan mai mai, a gefe. A Jamestown ko Osu, da hannu, a kan benci. A kasuwar dare ta Osu sai ku buɗe ido: naman nan da ake kira domedo alade ne, kuma ƙamshinsa yana yaudarar baƙo. Ku zauna wurin matar da kifi kaɗai take soyawa, ku tambaye ta ko man nata na kifi ne zalla. Ba ta jin haushi, ta saba da mu.

Safiyar Asabar ta waakye ce a Nima ko Mamobi. Na san kuna da shi a Tafo, na kuma san za ku ce naku ya fi, wannan shari'ar ba ni zan yanke ta ba. Shinkafa da wake ce tamu, karan dafi ya ba ta launi, duk ƙasar ta ara har da sunan. Ku je kafin ƙarfe goma, ku bi layin da kuka ga direbobin tasi a ciki, ku ce a zuba muku a ganye, da taliya da gari da ƙwai da ganda. A nan ba sai kun tambayi wanda ya yi yanka ba.

Cin manya kuma sau ɗaya ya isa. A Osu akwai gidajen abincin 'yan Lebanon da na Turkawa. Ku tambayi halaccin naman kai tsaye, ku kuma tambaya ko farashin da ke rubuce ya haɗa da haraji, don takardar ƙarshe takan fi abin da mutum ya lissafa a ransa. Bayan wasa, tsire da kelewele, soyayyiyar ayaba mai yaji, a bakin titi. Ku gaida mai tsiren da Hausa, gyara tana biyo baya.

Tambaya: Ina da ina za mu gani, kuma wace tsaraba za mu sayo? Wata 'yarka, Akwatia Line.

Amsa: In kun iso da wuri, ku yi Juma'a a Babban Masallacin Ƙasa da ke Kanda, wanda Turkawa suka gina aka buɗe a 2021, mai hasumiya huɗu irin na Istanbul. Asabar da hantsi, wurin tunawa da Kwame Nkrumah, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. A wannan filin ya yi shelar 'yancin kai a 1957, a nan yake kwance da matarsa Fathia 'yar Masar. Ku nemi mutum-mutuminsa da aka fille wa kai a juyin mulkin 1966, kan yana ajiye gefe guda. Ku riƙe katin ɗan ƙasa, kuɗin shigar ɗan Gana daban yake da na baƙo. Dandalin Black Star yana kusa, hoto kawai za ku ɗauka ku wuce. Lahadi da safe tituna fayau suke, mutane suna coci, lokacin zuwa hasumiyar Jamestown da bakin ruwa ke nan. Samari za su taso su ce za su zagaya da ku, ku yi ciniki kafin a ɗaga ƙafa. A bakin tekun Labadi ku jiƙa ƙafa ku tsaya nan, igiyar ruwan ba irin ta tafkin Bosomtwe ba ce.

Kasuwar Makola ku bar ta, wanda ya san Kejetia ba abin da zai gani. Kente ma kada ku saya, Bonwire, inda ake saƙa shi, tana bayan gidanku. Kwalbar shito mai kyau da busasshen jatan lande sun fi faranta wa mutanen gida rai.

Tambaya: Kawu, a cikinmu akwai wanda kullum in an zo biya sai ya ce MoMo ɗinsa ta ƙi. Ba ma son barin sa, abokinmu ne.

Amsa: Kowace tawaga tana da nata, tamu ma tana da shi, yanzu har ya yi jika. Ku naɗa ma'aji tun a Kumasi. Kuɗin mota, ɗaki, tikiti da tasi kowa ya zuba nasa cif kafin a sayi komai, a kuma sa rana: wanda nasa bai shigo ba zuwa ranar, ba a sayi kujerarsa ba. Abinci da tsaraba kowa da aljihunsa. In kuna son ku huta gaba ɗaya, shi za ku ba ma'ajin, ku ce ya riƙa karanto lissafi duk dare kafin a kwanta.