Filin Tambaya da Amsa: Ina Ake Sa Kalmar "Notably"?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a Jami'ar Jos, kuma ina yawan cin karo da kalmar Turancin nan "notably" a littattafan da ake ba mu, sai dai ban san takamaiman inda ake sa ta ba, har nakan rikita ta da "notoriously". Don Allah a yi mini bayani. Daga wata ɗaliba, Unguwar Rogo, Jos.

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Tushen kalmar shi ne "nota" ta Latin, wato alama, don haka duk abin da marubuci ya jingina masa ita, yana nufin ya isa a tsaya a lura da shi.

Babban aikinta shi ne fito da abu guda daga cikin waɗanda aka ambata a dunƙule, kamar yadda muke yi da "musamman". Idan aka rubuta "Plateau grows many crops, notably potatoes", ana nufin Filato tana noma amfanin gona iri-iri, amma dankalin Turawa, wanda Bokkos da Mangu suka shahara da shi, shi ne ya yi fice. Sharaɗin da nake so ki riƙe da kyau shi ne, dole abin da ya biyo bayanta ya kasance daga cikin rukunin da aka fara ambata. Da za a sa kuza a gurbin dankali da jimlar ta lalace, domin kuza haƙo ta ake yi, ba noma ta ake yi ba, duk da cewa ita ce ta gina garin Jos.

Takan kuma zo gaban siffa, kamar a "Jos is notably cooler than Abuja", wato Jos, da ke kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ta fi Abuja sanyi da bambancin da ya cancanci a ambata.

Ita kuwa "notoriously" ƙaurin suna take nufi, shahara da abin da ba a so, saboda haka kada ki kuskura ki yabi malaminki da ita.

Abin da ya fi damuna a rubutun ɗalibai shi ne buɗe kusan kowane sakin layi da "Notably", ko da bayanin da ke biye bai fi sauran muhimmanci ba. Idan hakan ta faru a rubutunki, ki goge kalmar, ki bar ta a wurin da hujjarki mafi ƙarfi take.