Tambaya da Amsa: Ƙurar asbestos ta kama Baba, kamfanin kuma ya rufe

Tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ya yi aikin gyaran bututu da tukunyar ɗumama ɗaki a Manchester tun shekarun 1970, watan jiya likitoci suka ce yana da kansar da ake kira mesoteliyoma, wai ƙurar asbestos, wato abin da ake naɗe bututu da shi a da don tare zafi, ita ce ta jawo. An ce akwai diyya amma kamfanonin da ya yi wa aiki duk sun rufe, shi kuma Baba cewa yake a bar wa Allah. Don Allah akwai abin yi?
Wata 'yar uwa daga Ingila

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, Ya sa kaffara ne. Akwai abin yi sosai, amma sai kun yi sauri. A dokar Ingila shekara 3 ne wa'adin shigar da ƙara, daga ranar da aka san cutar, ba daga ranar da ya shaƙi ƙurar ba, don ita wannan cuta takan kwanta a jiki shekara 20 har 50 kafin ta fito. Ki lallaɓa Baba, neman haƙƙi bai hana tawakkali ba.

Batun rufewar kamfani kar ya dame ki. Tun 1972 dole ne mai ɗaukar ma'aikata ya yi musu inshora, to kamfanin inshorar ne zai biya ko da wancan ya mutu murus, akwai ma ofishi mai suna ELTO da ke binciko kamfanonin inshorar. Kuma ba sai kun nuna a wane kamfani ne takamaimai ya kwashi cutar ba, wannan an gama da shi tun shari'ar Fairchild a 2002, sannan dokar 2006 ta ce idan mesoteliyoma ce ko ɗaya kuka kama wanda ya yi sakaci to shi zai biya duka, ya je can ya nemi sauran. In an rasa kamfani an rasa mai inshora, dokar 2014 ta kafa asusu na musamman domin irin su.

Abin da ya fi komai a ganina shi ne bayanin bakin Baba tun da ƙarfinsa. Ku zauna da shi ku rubuta wuraren da ya yi aiki, shekarun, su wa yake aiki da su, an ba shi takunkumi ko ba a ba shi ba, ko ƙurar kan yi fari fat a rigarsa in ya dawo gida, har wanda ke wanke kayan aikin ma a faɗa saboda mata da yawa ta nan suka kamu. Lauya zai karɓo jerin wuraren aikinsa daga hukumar haraji HMRC.

Ki nemi lauyan da aikinsa ke nan, kar ki ɗauko na takardun zama don kawai ɗan gida ne. Yawancinsu ba sa karɓar ko kwabo sai an ci, amma a rubuta muku a takarda. Babbar kotu na gaggauta irin wannan shari'a, in laifi ya tabbata akan ba da fam 50,000 tun kafin a kammala. Akwai kuma kuɗin da gwamnati ke ba masu wannan cuta a dunƙule, su wata 12 ne wa'adinsu, ku cike fom ɗin yanzu.

Sai wata magana mai nauyi, ki yi haƙuri. In ta Allah ta kasance, iyali na iya ci gaba da ƙarar, amma mutuwar da ake zargin cutar wurin aiki ce sai an sanar da jami'in binciken mace-mace, kuma yana iya cewa a duba gawa, abin da kan jinkirta jana'iza. Idan an riga an tabbatar da cutar da gwajin tsoka tun yana raye, hakan na iya sa a sauƙaƙa, don haka ku tambayi likitansa da lauyan tun yanzu, ku kuma sanar da limaminku.